Kafin ka ce batirin akwatin wutarka ya mutu

Jama'a, akwai wani hukunci da nake ganin ana saurin yankewa a kan waɗannan akwatunan wuta na tafi-da-gidanka, irin su EcoFlow, Jackery, Bluetti, Anker da makamantansu. Mutum zai cika akwatinsa taf da yamma, ya wayi gari ya tarar caji ya ragu sosai alhali ko waya bai jona ba. Wani kuma yana cikin amfani, allo na nuna kashi 40, kafin ya ƙifta ido ya faɗo 5, ya ɗauke ɗif. Shi ke nan sai a ce batir ya mutu, an yi asarar kuɗi. Ni dai ban cika yarda da wannan magana ba sai an auna. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau. Ko dai wani abu ne ke zuƙe cajin a ɓoye, ko kuma lambar da ke kan allon ce ke yaudarar mai shi.

Ku fara da madannin nan da aka rubuta AC a jikinsa. Shi ne ke kunna inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket ɗin bango. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, inbata na cin wuta ko da babu komai a jone. Muddin 'yar fitilar da ke gefen madannin na ci, to aiki take yi. Idan ka ɗora tafin hannunka a saman akwatin za ka ji ɗumi-ɗumi, jefi-jefi kuma fankar ciki ta ɗan yi kuka ta yi shiru. Wannan ɗumin cajinka ne ke tafiya. A manyan akwatuna abin kan kai wat 10 zuwa 30, ya danganta da girman inbatar. Mu ɗauki wat 15 kawai. A awa 24 ya zama wat-awa 360, wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na akwati mai 1000Wh (wat-awa 1000), ba tare da ka haska ko ƙwan fitila ɗaya ba. Abin takaicin kuma, da yawa daga cikin akwatunan za su nuna maka 0W a wajen fitar wuta, domin ba sa lissafa abin da su kansu ke ci.

Gwajin wannan ba ya buƙatar mai gyara. Ka cika shi, ka zare duk wata waya, ka kashe AC, ka kashe DC (wutar batir kai tsaye, wadda ba ta bi ta inbata) da USB, idan yana da Bluetooth ko Wi-Fi su ma ka kashe, sannan ka danne babban madanni har allon ya yi baƙi. Ka lura, allon ya dushe don kansa daban ne da an kashe akwati. Ka bar shi kwana biyu ko uku. Batirin lithium mai lafiya abin da yake zubarwa da kansa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari a wata ba. Don haka idan ka dawo ka same shi kusan yadda ka bar shi, ka kama ɓarawon, kuma ba batir ba ne.

Sai batun lissafi, wanda nan ne zato ke yi wa mutane yawa. Rubutun 1000Wh a jikin kwali ba ya nufin za ka ɗebi 1000 ta soket. Inbata na riƙe nata kason a matsayin zafi, na'urar kula da batir kuma na hana a tatse shi ƙarƙaf. Abin da zai iso gare ka bai cika wuce 800 zuwa 900 ba. Fanka mai wat 50 za ta yi kimanin awa 17. Dutsen guga mai wat 1000 kuwa ko awa ɗaya ba zai cika ba. Duk abin da aikinsa zafafa wani abu ne, butar lantarki, hita, na'urar busar da gashi, ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin kaya komai ƙanƙantarsa a ido. Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne mai cajin waya ta soket ɗin AC alhali ga ramin USB na kallonsa. An juya wuta daga DC zuwa AC, cajar waya ta sake mayar da ita DC, an yi asara sau biyu, ga inbata na kunne dare guda saboda wayar da batirinta bai kai wat-awa 20 ba.

To amma wanda ya fi rikita mutane shi ne faɗuwar lamba farat ɗaya, kuma a nan zan ɗan tsaya. Babu wani ma'auni a cikin akwatin da ke leƙa batir ya ga sauran caji kai tsaye. Lambar kashi-cikin-ɗari kintace ce. Na'urar kula da batir da ake kira BMS ce ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, ta cire wannan daga wancan. Kamar mai gadin sito ne da ke zaune a bakin ƙofa da littafi, yana rubuta buhun da ya shiga da wanda ya fita, amma bai taɓa shiga ciki ya ƙirga da idonsa ba. Kuskuren yau kaɗan, na gobe kaɗan, bayan watanni littafi na cewa saura 40, sito kuwa ya kusa zama wayam.

Matsalar ta fi tsanani a sababbin akwatuna masu batirin LiFePO4, wanda ake taƙaitawa da LFP. Ƙwayarsa, wato kowane ɗaya daga ƙananan batiran da aka haɗa a ciki, na zama a kusan bolt 3.2 zuwa 3.3 a mafi yawan tafiyarta. Ko tana da kashi 30 ko tana da 70, bambancin ƙarfin wutar ɗan mitsitsi ne, sai a can ƙarshen sama da ƙarshen ƙasa yake motsawa sosai. Ke nan BMS ba ta da inda za ta gyara lissafinta sai batir ya cika taf ko ya ƙare. Wanda kullum yake yawo tsakanin 30 da 80, yana ganin lallaɓa batir yake yi, shi ne ya fi saurin ganin lamba ta haukace. Maganin shi ne a sabunta mata lissafi: ka cika shi zuwa 100, ka jona kaya mai matsakaicin ci har ya ɗauke da kansa, sannan ka sake cika shi a zama ɗaya ba tare da katsewa ba. Kamfanoni da dama na ba da shawarar yin haka duk bayan 'yan watanni. Sai dai kada ka bar shi a sifili ya kwana biyu, da ya ɗauke ka mayar da shi caji.

Idan ya nuna 100 ma, kada ka yi gaggawar zare shi. A cikin akwatin ƙwayoyi ne da yawa jere da juna, kuma BMS na katse wuta ne da zarar ƙwaya ɗaya tak ta kai ƙasa, ko da sauran na da abin bayarwa. Daidaita ƙwayoyin yawanci a saman caji ake yinsa, a hankali, da 'yar wuta kaɗan. Barin shi a jone na wasu awanni bayan ya cika na taimakawa.

Wani lokacin kuma cajin ne bai shiga ba tun farko. Ka dubi lambar wat ɗin da ke shiga, kada ka tsaya a kan alamar caji da ke wulƙawa. Idan cajar ta saba ba da wat 200 yau ka ga 30, ko lambar na hawa tana sauka in ka taɓa waya, to ka zargi waya ko bakin filogi. Farantin sola ba kasafai yake ba da abin da aka rubuta a bayansa ba, kuma inuwar reshe ɗaya ko ƙura na iya rage wutar da yake bayarwa sosai. Soket ɗin mota mai bolt 12 abin da yake bayarwa wajen wat 100 ne, tafiyar awa ɗaya ba za ta cika babban akwati ba. Haka nan BMS na ƙin karɓar caji idan sanyi ya kai ƙasa da sifili, ko zafi ya haura wajen digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Masu ajiye akwatin a cikin rana kusa da farantin sola, ku ja waya ku sa shi a inuwa.

Ba ina cewa batir ba ya tsufa ba ne. Yana tsufa. Tsofaffin akwatuna masu batirin NMC, wani nau'in lithium daban da LFP, ana yi musu alkawarin zagaye 500 zuwa 800 kafin ƙarfinsu ya koma kashi 80, masu LFP kuma 3000 ko fiye. Zagaye ɗaya na nufin an sha cikakken caji guda, ko da a rabi-rabi aka sha shi. Amma abin da ke kashe su da wuri ya fi yawa a wajen ajiya. Zafi shi ne kan gaba, musamman idan ya haɗu da batir a cike, kamar akwatin da aka bari a rufaffiyar mota. Na biyu shi ne a jefa shi a lungu babu caji na tsawon watanni. Ƙwayoyin na ci gaba da sauka har su wuce iyaka, wajen bolt 2.5, BMS ta kulle, wani lokacin kuma lahanin ya zama na dindindin. Idan ajiya za ka yi, ka bar shi a kashi 50 zuwa 60 a wuri mai sanyi, ka duba shi duk wata uku.

Yadda za ka gane tsufa na gaskiya shi ne ka ba shi aikin da ka san nauyinsa. Bayan ka sabunta lissafin nan, ka cika shi, ka jona abu ɗaya mai ci daidai ba hawa ba sauka, misali ƙwan fitila mai wat 100, ka duba agogo. Firji bai dace da wannan gwaji ba, saboda injinsa na tashi yana tsayawa. Akwati mai 1000Wh ya kamata ya kai awa 8 ko kusa da haka. Idan ya yi 7, shekaru ne suka fara aikinsu, ka ci gaba da amfani. Idan ya tsaya a 4, yanzu kana da hujja. Ka ɗauki hoton allo a farko da ƙarshe, ka rubuta lokaci, ka aika wa masu garanti da lambobi. "Ba ya riƙe caji" amsarta ɗaya ce, a ce ka sabunta manhaja ka sake gwadawa. "Wat 100, awa 4, daga 100 zuwa sifili, bayan cikakken zagaye" kuwa da wuya a kauce mata.

Duk wannan gwaje-gwajen na akwatin da jikinsa lafiya ne. Idan ka ga ya kumbura, ko yana fitar da wani wari mai kama da na sinadari, ko yana zafi alhali a kashe yake, ka daina caji nan take, ka fitar da shi waje nesa da abin da zai kama wuta. Kuma don Allah a bar kwance shi da sukundireba ana bin bidiyon intanet. Tarin ƙwayoyin nan na iya sakin wuta mai yawan gaske idan ƙarfe ya haɗa baki biyu, gobarar lithium kuma ba ta mutuwa da sauƙi. Ga garanti ya tafi a banza.

Inda nake ganin laifin masu ƙerawa shi ne wajen rubutu. Ƙarfin inbata da girman batir ana buga su da manyan haruffa a gaban kwali. Abin da inbata ke ci tana zaune kuwa, ko dai a ɓoye shi a ƙarshen littafin bayani ko a ƙi faɗa gaba ɗaya, alhali shi ne ke yanke ko firjinka zai kai safiya. Wasu sun sa tsarin kashe AC da kansa idan an daɗe babu kaya, wannan ya kyauta, sai dai yakan kashe wa firji wuta idan injinsa ya daɗe yana hutawa, kuma ba kowa ake gaya wa ba. Mai shirin saye ya nemi amsar abubuwa uku kafin ya biya: LFP ne ko NMC, wat nawa inbata ke ci babu kaya, kuma ana iya sauya lokacin da AC ke kashe kansa ko kuwa kamfani ya kulle shi.