Ranar da Kawu Ya Koyi 403

Kawuna yana da shagon shadda a kasuwar Wunti, ni kuwa tun da na gama karatun kwamfuta aka naɗa ni injiniyan dangi. Da ya ga maƙwabcinsa na samun ciniki daga Abuja ta intanet, ya ce shi ma sai na yi masa shafi. Na yi. Don kuma a san ba a banza aka biya min kuɗin makaranta ba, na haɗa shafin da wata manhaja mai gadi. Duk minti biyar takan je ta yi wa saba sallama, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ji lambar da za a amsa mata da ita. In 200 ce, lafiya. In ta ji wata matsala, ta turo saƙo. Tsautsayi ya sa na saka wayar Kawu cikin masu karɓar saƙon.

Ƙarfe biyu da rabi na dare sai ga kira.

"Kai, ana yashe ni! An cire min ɗari biyar har sau uku!"

"Kawu, wane banki?"

"Ina na sani? Ga shi nan an rubuta 500."

Ido na lumshe nake karantar da shi. Na ce lambobin nan dangi-dangi ne, lambar farko ake dubawa. Masu farawa da 2 an biya buƙata. Masu 3 cewa suke mun tashi, ga sabon adireshi. Masu 4 matsalar daga mai tambaya take: 404 abin da ka zo nema babu shi, 403 kuwa an ji ka sarai amma ba a yarje maka ba. Masu 5 saba ce da kanta ta rikice.

"To wa ya rikita ta?"

Na yi shiru, don ni na taɓa wani fayil kafin in kwanta.

Bayan kwana biyu 504 ta shigo. Wannan karon da fara'a ya kira, ya ce ita kam ya san ta, shekara goma yana jan Fijo 504 tsakanin Bauchi da Jos. Na ce a nan ma'anarta sabar da ke bakin ƙofa ta aika wa ta cikin gida, ta jira amsa har ta gaji. Ya ce to sharri aka yi wa motar, tasa ba ta taɓa shanya fasinja ba. Da 404 ta zo kuwa, bayan na cire shafin wata shadda da ta ƙare na manta ban gaya wa mai gadi ba, salati ya saka, domin a zamansa na tasha ya san abin da wasu ke kira 404 a kwano. "Naman kare? A shagona?" Ban yi gigin ba shi labarin 418 ba, wadda aka ƙirƙira don raha ranar 1 ga Afrilun 1998, mai cewa ita butar shayi ce ba ta dafa kofi. Cire wayarsa kawai na yi, muka huta.

Daga nan sai kore shar a manhajar mai gadi, alamar komai lafiya. Kwana huɗu 200 na bin 200, har na zauna wurin mai masa ina cika baki cewa shafina ko tari ba ya yi.

Rana ta biyar wata hajiya daga Azare ta kira Kawu tana tambaya ko ya daina sana'a ne. Na buɗe shafin: babu shadda, babu farashi, sai wani guntun Turanci mai cewa an dakatar da asusun. Kuɗin hayar saba ne ya ƙare, takardar tuni na kwance a imel ɗina ban buɗe ba. Masu hayar suka riƙa tura duk wanda ya zo, da lamba 302, zuwa shafin sanarwa, shi kuma lafiyarsa ƙalau, yana amsawa da 200. Mai gadina ya bi, ya ji 200, ya dawo ya ce min a kwana lafiya.

Na yi wa Kawu bayani ina gumi. Ya ce, "Ashe sabar taku Bahaushiya ce. Mutum na kwance ana ƙara masa ruwa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi." Ya zaro kuɗi ya biya. Ni kuma na gyara wa mai gadi aiki: sai ya ga kalmar shadda a cikin shafin kafin ya yarda.

Ana saura mako guda Sallah na je karɓar yadi biyar ɗin da ya saba ba ni. Ya dubi kanta cike da kaya har rufi, ya ce, "404."

Na ce, "Haba Kawu, ga ta nan ina gani."

Ya ɗan yi tunani. "Gaskiyarka, ɗana. 403."