Wuƙar da ta tara mini baƙi

Sarin yadin batik ne ya kai ni birnin Solo a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya. Da na gama da kasuwar Klewer, sai tafintana ya ja ni Triwindu, kasuwar tsofaffin kaya, wai lallai in ga keris, lanƙwasasshiyar wuƙar nan tasu da UNESCO ta karrama a 2005.

Wani dattijo ya baje mana su. Kowace da zane a jikin ƙarfenta, pamor suke ce masa. Maƙeri ke haɗa baƙin ƙarfe da mai nikel, ya yi ta ninkawa yana bugu har zanen ya fito. Idona ya faɗa kan wata mai zane a karkace, kamar an naɗe ta da ƙyalle. Ina ta juya ta ina yabawa, sai tafinta ya yi gyaran murya: "Alhaji, sunanta buntel mayit. Likkafanin gawa." Ban san sa'ad da na dire ta ina salati ba.

Na ce a nuna mini ta 'yan kasuwa. Ga wos wutah, zubabbiyar shinkafa, wai gidan mai ita ba ya rasa abinci. Ga udan mas, ruwan saman zinariya, mai ɗige-ɗige, ita kuwa dukiya take kira. Na zura hannu aljihu. Dattijo ya ce ba a haka, wuƙa ce ke zaɓen ubangidanta. In ba da kafin alƙalami, in kwana da ita ƙarƙashin matashi, gobe in zo da mafarkin da na yi.

Mafarkin kuwa, wani mai bina bashi ne ya fafare ni tun daga Kantin Kwari har Fagge, ba ko takalmi. Dattijo ya washe baki: "Pak Haji, mutane na bin ka a guje, ai ciniki ke nan!" Nan take kuɗinta ya ninka.

Aljihu ne ya raba gardama. Kulit semangka na saya, ɓawon kankana, wai farin jini take sawa. Ko kankanar ba a yankawa da ita, don da lemun tsami da gubar arsenik ake wanke ta duk watan Suro, wato Muharram.

Ni dai na san Allah ke bayarwa, ba ƙarfe ba. Amma tun da na rataye ta a falo, ba a taɓa sauke tukunya a gidana ba a ji sallama ba. Jiya uwargida ta ce in tambayo dattijon ko akwai zanen da ke sa baƙo ya zo da cefanensa.