Gaddafin WhatsApp da Gaddafin tarihi

Da zarar watan Oktoba ya kama, sai wani tsohon saƙo ya sake kewaya wayoyin jama'a yana lissafa daɗin da aka ce mutanen Libiya sun sha a zamanin Kanar Mu'ammar Gaddafi: lantarki kyauta, gida ga duk wanda ya yi aure, fetur kamar a ba ka kyauta. A bana har wani malamin makaranta da nake ganin girmansa ya turo mini shi, ya ƙara da cewa Afirka ba ta taɓa samun shugaba mai kishinta irin wannan ba.

Babu mai musun cewa Gaddafi ya zuba kuɗin mai wajen janyo ruwa daga ƙarƙashin hamada zuwa biranen bakin teku, kuma kisan wulaƙancin da aka yi masa a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011 abin kunya ne. Turawan da ke kiransa azzalumi kawai don su wanke ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai a 2011, ba su isa a tsaya sauraronsu ba. Sai dai masu yaɗa saƙon nan suna mantawa da cewa Najeriya na cikin ƙasashen da suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙuduri mai lamba 1973 a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya buɗe ƙofar ruwan bama-baman.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar kishin Afirka. A ranar 19 ga Satumban 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Njamena ya tarwatse a sararin hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka hallaka, da yawansu 'yan Afirka, kuma daga baya kotun Faransa ta samu jami'an Libiya shida da laifi. Sojojin Gaddafi sun mamaye yankin Awzu na Chadi har sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 1994. Madugan 'yan tawaye Charles Taylor na Laberiya da Foday Sankoh na Saliyo a sansanoninsa suka samu horo, sannan sojojin Najeriya na rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma (ECOMOG) suka je suka zubar da jini a Laberiya da Saliyo wajen kashe wutar da suka kunna. A 2010 kuma shi ne ya ce a raba Najeriya gida biyu tsakanin Musulmi da Kirista, har gwamnati ta janye jakadanta. Ban ma taɓo fursunoni fiye da dubu da aka kashe a gidan yarin Abu Salim a 1996 ba.

Shekara 42 ya yi yana mulki ba tare da jam'iyyar adawa ko majalisa mai iko ba, ya kuma raunana sojojin ƙasa da gangan saboda tsoron juyin mulki. Shi ya sa ranar da ya faɗi komai ya bi shi, rumbunan makamai suka buɗe, bindigogi suka gangaro Mali a 2012. Wanda ya ɗora wa NATO wannan alhaki ita kaɗai bai yi wa tarihi adalci ba, kuma ya kamata malamanmu su koyar da ɓangarorin biyu.

Malamin nan dai na mayar masa da hoton da'irar baƙaƙen duwatsun da iyalan mamatan jirgin UTA suka jera a Tenere da siffar jirgi a tsakiyarta. Har yau bai ba ni amsa ba.