A buɗe kamara, ko na minti goma ne

Shekarata shida a Jidda. Larabcin kasuwa na iya shi daidai gwargwado, ina ciniki a Bab Makka ba a cuce ni ba. Na littafi kuwa sai bara na shiga ajinsa ta Zoom, mu goma sha huɗu, duk mata, malamarmu 'yar Masar. Ƙanwata a Kano ita ma tana irin wannan aji, kuma in mun yi waya kukanmu ɗaya: allo cike da baƙaƙen akwatuna, kowanne da suna a ƙasa, ba fuska ko ɗaya.

Dalilin rufewar ne ya bambanta. Ita a can data ce da wuta. Awa guda na bidiyo kan lashe kusan gigabait, ga NEPA ta ɗauke, ga caji ya yi ja. "Yaya, ke da kike inda wuta ba ta ƙiftawa, mene ne naku uzurin?" Haka ta tambaye ni. Namu sutura ce. Tun watan Maris na 2020 da aka rufe makarantu a Saudiyya, har aka zo aka fito da Madrasati, manhajar karatu daga gida, matan da na sani suka saba karatu da murya kaɗai. Kowa na tsoron a ɗauki hotonta daga allo ya yi yawo, ko mijin wata ya gifta ta bayanta. Ban raina wannan tsoro ba, ni ma ina da shi.

Sai dai harshe ba da kunne kaɗai ake koyonsa ba, balle Larabci a bakin Bahaushe. Dubi abin da kakanninmu suka yi wa harafin nan da Larabawa ke alfahari da shi, daad: ya koma lam, shi ya sa muke cewa alwala, alƙali, lalura, Ramalan. Harafin da ke cikin sunan Usman da wanda ke farkon zikiri kuwa, a wajen Balarabe sai kan harshe ya taɓa bakin haƙoran sama, mu muka mai da su sin da zayin muka huta. Mako uku malama na ce mini "a'idi, a'idi", wato sake faɗa, ina maimaitawa, ni a kunnena daidai nake faɗa. Ranar da ta roƙe ni na buɗe kamara, kallo ɗaya ta yi ta ce harshenki na ɓoye a bayan haƙora, fito da shi. Shi ke nan. Malaman Alƙur'ani ba su yi wauta ba da suka dage a kan mushafaha, wato karɓa baki da baki, ɗalibi gurfane gaban malam yana kallon leɓensa.

Aikin rukuni ya fi shan wahala. A raba mu uku-uku a ce mu yi hira, ni da wata 'yar Indonesiya da wata 'yar Chadi. Shiru. Sai "tasma'ini?", wato kina ji na? Sai mu biyu mu fara tare, mu tsaya tare. Ba ka sani ba ko abokiyar hirarka ta gane, ko ta tafi duba tukunya. Da muka amince da juna muka buɗe, in kalma ta ɓace wa ɗaya sai ta ɗago kofi ko cokali ta nuna, a yi dariya, a wuce.

Ba na goyon bayan a tilasta kamara daga farkon darasi har ƙarshe. Nahawu ba ya buƙatar fuskata. Amma lokacin furuci da na hira, minti goma ko sha biyar, a buɗe, da sharaɗin ba naɗa, ba ɗaukar hoto. Wata mai niƙabi a ajinmu matso da wayar take yi, bakinta kawai ake gani, kuma ya wadatar. Ƙanwata ma na ba ta shawara ta riƙa ɗaukar bakinta na daƙiƙa ashirin tana tura wa malamarsu ta WhatsApp. Jiya ta turo mini nata in duba. Har yanzu lam take yi.