Labarin da Herodotus bai yarda da shi ba

Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Fir'auna Neko na Masar ya tura wasu Finikiyawa (mutanen gaɓar Lebanon ta yau) matuƙa jirgin ruwa, ya ce su gangara ta Bahar Maliya, kada su juyo sai sun ɓullo ta Bahar Rum. Suka kama hanya. In lokacin shuka ya yi sai su sauka gaɓa su yi noma, su jira amfani ya nuna, su girbe, sannan su ci gaba. A shekara ta uku suka iso gida, sun zagaye Afirka. Cikin labaran da suka zo da su har da cewa sa'ad da suke kewaya ƙasan nahiyar, rana tana hannunsu na dama.

Wanda ya adana mana wannan labari shi ne Herodotus, Bagirken da ake wa laƙabi da uban tarihi, kuma ya rubuta shi ne fiye da shekara ɗari bayan tafiyar. Da ya zo kan zancen rana sai ya ce shi kam bai yarda ba, amma wani yana iya yarda. Duk da haka ya rubuta. Ashe a kudancin Afirka rana ta arewa take karkata da tsaka, don haka wanda ya fuskanci yamma a can dole ta faɗo masa dama. Abin da malamin ya ɗauka shaci-faɗi, shi ne yau babbar hujjar masu cewa lallai an yi tafiyar.

A nan nake ganin amsar tambayar da ake yawan yi, wai ko za a amince da marubutan tarihi na dā. Ni amanata ta fi ƙarfi a wurin da marubuci ya ce "haka na ji, daga wurin su wane", ko da abin ya yi kama da tatsuniya. Inda nake ɗari-ɗari shi ne wurin da ya yi magana da cikakken tabbaci, musamman in lissafi ne, ko jawabin sarki, ko siffanta abokin gaba.

Herodotus ya sha suka, har wasu suka juya laƙabin nasa zuwa uban ƙarya. Ba a banza ba, domin shi ne ya ce a Indiya akwai tururuwa da ta fi yanyawa girma, tana haƙo zinariya. Amma shi ne kuma ya ce makiyayan Sikitiya, a arewacin Bahar Aswad, kan kafa 'yar bukka, su zuba ƙwayar wiwi kan jajayen duwatsu, su shaƙi hayaƙi suna ihun daɗi. Shekaru sama da dubu biyu bayan haka, a ƙarshen shekarun 1940, masu haƙa suka tono kaburburan irin waɗannan makiyaya a Pazyryk cikin tsaunukan Altai na Siberiya, sai ga sandunan bukka, ga kasko da duwatsu a ciki, ga ƙonanniyar ƙwayar wiwi.

Sai batun lissafi. Ya ce da Sarki Xerxes na Farisa ya kawo wa Girka yaƙi a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dakarun ƙasa kaɗai 1,700,000 ne, in aka haɗa da na ruwa da masu hidima sun haura miliyan biyar. Har yadda aka ƙidaya su ya faɗa: aka cusa mutum dubu goma wuri guda, aka zana da'ira kewaye da su, aka ja katanga iya cibiya, sai a riƙa cikawa ana kwashewa kamar mai awon hatsi da mudu. Hoton yana da daɗi, amma galibin masanan yau ba sa kai rundunar ko rabin miliyan. Abin mamaki, shi kansa ya tsaya ya lissafa hatsin da irin wannan taro zai ci a yini, ya yi al'ajabin inda aka samo shi, amma bai rage ko mutum ɗaya ba. Dalilin a fili yake. Girkawa ne masu sauraronsa, kuma gwargwadon yawan maƙiyi, gwargwadon girman nasara.

Wannan cuta ce da Ibn Khaldun ya bankaɗo a Muƙaddimarsa cikin 1377. Ya lura cewa da zarar an zo ƙidayar sojoji ko dukiyar sarakuna sai marubuta su saki linzami. Maganinsa shi ne a tambaya: filin zai ɗauke su? Ƙasar za ta ciyar da su? Tambaya ce da kowane manomi zai iya yi.

Mutane da yawa sun fi natsuwa da Thucydides, wani Bagirken da ya rubuta tarihin yaƙin biranen Atina da Sparta, saboda ba ya tatsuniya, kuma ya yi yaƙin da kansa. Ina girmama shi, amma yana ba ni tsoro fiye da Herodotus. Da bakinsa ya ce jawaban da ke littafinsa bai iya riƙe lafazinsu ba, sai ya sa wa kowa abin da yake ganin ya dace ya faɗa, yana ƙoƙarin tsayawa kusa da ma'ana. Sannan da wuya ya gaya maka wa ya ba shi labari. Ya tankaɗe, ya miƙo maka gari, dusar kuwa ya zubar. In ya yi kuskure wurin tankaɗen, ba ka da hanyar ganewa.

Ɗaliban ilimi a nan sun san ɗaya hanyar, ta Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923. A gabatarwar littafinsa na tarihi ya gargaɗi mai karatu cewa in ya ci karo da labarin da ya ƙi shiga hankali, to daga masu ruwaya ne, shi dai ya isar yadda aka isar masa. Wasu na ganin wannan zame kai ne daga alhaki. Ni kuwa gani nake ya bar mana isnadi da saɓanin ruwayoyi don mu yi namu awon, abin da wanda ya tace bai bar mana ba. Matsalar tana wajen mai tsinto ruwaya ɗaya ya watsa yana cewa "Ɗabari ya ce", alhali Ɗabari cewa ya yi wane ya ce.

Da Herodotus ya bi hankalinsa a ranar da aka ba shi labarin Finikiyawa, da ya goge jimlar nan ta rana, ya bar mutanen Xerxes miliyan biyar yadda suke.