Gyatsar da ta tona min asiri a Kampung Baru

Tunda Alhajin Kwari ya riga ni baza labarin a zauren WhatsApp na gida, ya zuba masa gishiri da magi, gara ku ji daga bakin mai shi. Ban suma ba. Ba a kuma kore ni daga masallaci ba. Sauran kuwa, to, ba zan rantse ba.

Kun dai san abin da ya kai mu Malesiya. Matar Dakta ta sauka, Hajiya ta ce ƙafarta ba za ta ɗauki zaman jirgi ba, aka ce in wakilci gida, Alhaji ya maƙale wai zai duba kasuwar batik, yadinsu mai zane irin atamfa. Dakta dai har yau yana Serdang bai ƙare digirin ba, amma mun riga mun naɗa masa sunan, ba ma warwarewa. Aka yi suna lafiya. Saura kwana uku mu dawo na ce a kai ni Kwala Lampur in ga gari.

Kafin ranar nan ni ne gwarzon tafiyar, kowa ya shaida. Duk abin da aka ajiye min na ci. Da safe nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa a ƙunshe a ganyen ayaba, da soyayyar gyaɗa da 'yan mitsi-mitsin busassun kifi da kokwamba da rabin ƙwai da wani jan yaji mai ɗan zaƙi da suke kira sambal. Shayinsu teh tarik kuwa, mai shagon yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa cikin wani har ya yi kumfa, sak mai shayin bakin layinmu, sai dai shi ba ya bin ka bashin jiya. Satay ne kawai ya ɓata min rai. Tsire ne fa, tsinke da nama da gawayi, amma maimakon ƙuli da yaji sai a kawo maka romon gyaɗa mai sukari ka tsoma. Na ci tsinke ashirin ina Allah wadai.

Shi kuwa Alhaji, da yajinsa ya taho daga Kano a gwangwanin madara. Kwana tara burodi da shayi. Mace da hijabinta har gwiwa tana tuya, ga tambarin halal manne a bango, sai ya ce wa Dakta, "Tambaye ta dai waye ya yanka." Tun daga filin jirgi da ya ga gonakin kwakwar manja hagu da dama yake cewa, "Duk namu ne wannan, daga wurinmu suka ɗauko." Dakta ya ce e, asalin bishiyar ta Afirka ta Yamma ce, amma su suka yi noman. Alhaji ya ce shi dai a rubuta namu ne. Sau ɗaya na ga ya nuna sha'awar wani abu, ranar da ya ji ana tallan abin sha mai suna air mata kucing. Kalmar tsakiyar ce ta tsayar da shi. Da Dakta ya ce masa a yarensu "mata" ido ne, sunan kuma na wani ɗan itace ne da suke kira idon kyanwa, sai ya ce dama shi ba ƙishi yake ji ba.

Ranar dai da la'asar muka hau jirgin nan mai tafiya kan dogo ɗaya a sama muka sauka Chow Kit. Kasuwa ce ta gaske, ba irin manyan shagunan nan masu sanyi ba. Ƙasa jiƙe, lungu ƙunci, kifi yana motsi a faranti, barkono tsibi-tsibi, ga rambutan, wani ɗan itace ja mai gashi kamar bai je aski ba. Wata maƙwabciyarsu ta ce wa Dakta kifin haruan yana saurin warkar da maijego, don haka ya ce mu tsaya nan wurin masu 'ya'yan itace, minti goma zai dawo. A wannan minti goman aka gama da ni.

Warin ne ya fara iso mu. Alhaji ya ce iskar gas ce ke zuba a wani wuri. Muka waiga sai ga su jere a kan tebur, kowanne ya kai kan yaro, kore, jikinsa duk ƙaya. Duriyan ke nan, sunan ma daga kalmarsu ta ƙaya ya fito. Na sha ganin hotonsa a ƙofar otal an ja masa jan layi kamar sigari. Alhaji ya cire hula ya toshe hanci ya ce, "Wallahi ko kai mai ci-kome ba za ka iya wannan ba."

Nan bakina ya ja min. Na ce, "Alhaji, ni da na tashi a gidan da ake rufe kalwa kwana uku ana daddawa? Ni da na yi shekara biyu ina ratsa majema zuwa makaranta? Wane wari ne ya rage a duniya?"

Mai tebur, wani matashi da safar hannu mai kauri da guntuwar wuƙa, bai ji Hausa ba amma ya gane kasuwa ta zo. Ya ɗauko ɗaya ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa ya kara a kunnena. "Musang King, bos." Na san sunan, Dakta ya ce shi ne sarkin duriyan gaba ɗaya. Na ce "berapa", wato nawa, kalma ɗaya cikin biyar ɗin da na haddace. Ya ce sittin. Na lissafa a raina na ce da tsada, amma mutunci ya fi ringit 60 na kuɗinsu. Na gyaɗa kai. Kafin in ƙifta ido ya ɗora a sikeli, ya soka wuƙa a gindin, abu ya dare. Sannan ya juyo min da fuskar sikelin. Kilo 2.3. Ashe sittin ɗin na kilo ne, kuma har da ɓawo da ƙaya ake aunawa. Ringit 138. Wanda aka fasa kuma ba ya komawa. Ɗan Kano guda, jikan 'yan koli, na biya ko tayi ban yi ba.

Abin da Alhaji bai faɗa muku ba shi ne abin yana da daɗi. Loma ta farko kamar an dama kastad da madara, aka yi kuskure aka juye soyayyar albasa da tafarnuwa a ciki. Ta biyu albasar ta ja baya. Ta uku na manta da duniya. Laushi kamar man shanu, zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshe. Alhaji yana can nesa da waya a hannu yana ɗauka, yana jiran in yi amai, ni kuma saboda shi da kuma kuɗina na bi ɗaki-ɗaki na cikin ɓawon nan na share tas. Mai tebur ya zuba ruwa a kwarmin ɓawon ya miƙo min, wai haka ake sha don ya kashe zafin. Na ce a'a, na gode, ni ba akuya ba ce. Na sayi lemon kwalba mai sanyi, mai gas, na ɗora.

Dakta ya dawo da kifinsa a leda, ya dubi ɓawo, ya dubi kwalba, ya dube ni. "Yaya, kai kaɗai? Kuma lemo ka bi da shi?" Na ce to mene ne. Ya ce babu komai, mu je kada mu rasa magariba.

Da ƙafa muka taka zuwa Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa, gidajen katako a kan dirkoki da bishiyar ayaba a tsakar gida, ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 sun leƙo ta bayansu kamar za su faɗo. Magaribarsu sai bakwai ta wuce sosai. Muka yi alwala, na kurkure baki sau bakwai maimakon uku. Na samu sahu na biyu. Alhaji, wanda tun daga Kano yake manne da ni ko banɗaki zan shiga, ranar sai ga shi can ƙarshen sahu na huɗu. Damana wani dattijo ne da zane irin nasu da farar hula, haguna yaro ɗan shekara goma.

Liman ya ta da salla, ya karanta Bisimilla a bayyane, su Shafi'iyya ne. Muryarsa mai daɗi. Ana tsakiyar Fatiha na ji abu ya taso daga can ƙasan cibiya, a hankali, kamar mai hawa bene da kaya. Na haɗiye. Ya koma. Aka ce amin, ya dawo da ɗan'uwansa. Na danne haƙora, na riƙe numfashi, na ce in dai na kai ruku'u shi ke nan. Ashe ruku'un ne ajalina. Ina sunkuyawa cikina ya matse, abin ya fito ta hanci da baki lokaci guda.

Ba ta yi ƙara ba, wannan ina so a rubuta. Da ma ta yi ƙarar ta tsaya nan. Gyatsar duriyan da lemo ba irin wadda kuka sani ba ce. Ni da na yi ta sai da idona ya kawo ruwa. Ga fanka a bango tana juyawa, ta ɗauka ta kai dama, ta dawo ta kai hagu, adalci dai, kowa ya samu rabonsa. Yaron nan ya yi tari sau biyu. Na ji wani a sahun gaba ya ja hanci.

Ta biyu a sujada ta zo, goshina a kan darduma, babu inda za ta je sai ta dawo min. Nan na gane abin da na yi wa bayin Allah. Ta uku a zaman tahiya, ita ce doguwar, na yi ƙoƙarin sakinta kaɗan-kaɗan ta gefen baki kamar mai sace iskar taya, wanda hakan bai yi komai ba sai tsawaita azabar. Raka'a uku ce magariba, amma ni na yi tarawihi a cikinta.

Aka sallame. Na ce yanzu sai in sulale. Ina! Su ba a tashi, liman zai ja wuridi da addu'a kowa na amin, ga sahu uku a bayana. Na zauna kaina a ƙasa kamar mai tsananin tsoron Allah. Yaron ya ja rigarsa ya rufe hanci, yana amin ta cikin wuyan riga.

Da aka shafa, dattijon ya miƙo min hannu, muka gaisa, ya taɓa ƙirjinsa yadda suke yi. Amma bai tashi ba. Ya matso ya ce a hankali, "Durian?" Na gyaɗa kai. Ya yi murmushi ya ce, "Sedap?" Wato da daɗi? Sai na ji sanyi a raina, ashe ma ba faɗa zai yi ba. Har na ɗan ɗago kafaɗa, na ce bari dai ya san ba ƙaramin mutum ne ya yi gyatsar nan ba. Na ce, "Musang King."

Dattijon nan ya rufe ido. Ya ja iska ta hanci a hankali, kamar mai sayen turare a Kurmi. Ya buɗe ido ya girgiza kai. "Bukan," ya ce, wato ba shi ba ne. "D24." Wani irin duriyan ke nan daban.

Ya yafito wani tsoho abokinsa. Suka sa ni a tsakiya suna magana da sauri, abokin yana kallon bakina, na rantse jira yake wata ta fito ya ba da nasa hukuncin. Dakta ya iso yana fassara, yana cije leɓe. Wai dattijon ɗan Raub ne a jihar Pahang, cikin gonar duriyan ya girma. Wai Musang King naman cikinsa rawaya ne shar kamar kurkum, shi ya sa ma suke ce masa Raja Kunyit, ƙwallonsa kuma siriri ne a shafe, a gindin ɓawon akwai zane kamar tauraro. Nawa yaya yake? Na ce ai na cinye, ban tsaya kallon kala ba.

Sai ga Alhaji. Mutumin da ya guje ni a sahu, yanzu ya ratso mutane da waya a sama, "Ga shi nan, ina da shi, duk na ɗauka!" Aka taru a kan wayarsa a harabar masallaci, mutum ya kai takwas, ana tsayar da hoto ana buɗe shi da yatsa biyu. Ga ni nan baki dumu-dumu. Ga nama fari-fari kamar madarar gwangwani. Ga ƙwallo ƙato kamar na mangwaro. Tsoho na biyu ya ce D24 ne, babu ko tantama. Dattijon ya tambayi nawa na biya. Dakta ya faɗa. Salatin da ya yi ya fi ƙarfin wanda ya yi lokacin gyatsar. Wai ko rabin haka bai kai ba. Ya dafa kafaɗata ya ce wani abu, kowa ya yi dariya, Dakta ya ƙi fassara min har yau.

A hanya Alhaji ya zama malami. Ya jawo hadisin wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kada ya kusanci masallaci, ya ce duriyan ta fi su cancanta, a yi ƙiyasi. Hadisi gaskiya ne, ban musa ba. Amma ina hadisin yake lokacin da yake zuga ni a kasuwa? Wannan fa mutumin da ya ari ringit 50 a hannuna a filin jirgi wai zai sayi layin waya, ya ƙare tafiyar kaf a kan intanet ɗin Dakta. Mutumin da batik ɗin da ya zo dubawa ko yadi ɗaya bai saya ba, wai Kwari ta fi araha. Kuma ku tambaye shi abin da ya cika jakarsa da shi ranar dawowa. Alewar duriyan, fakiti shida, wai tsarabar iyali. Shi da ya toshe hanci da hula.

Direban motar da Dakta ya kira ya sauke gilasai huɗu bai ce uffan ba. A gida maijego ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Yaya, sannu da zuwa," ta mayar da ƙofa, na ji an murɗa makulli. A baranda na kwana, da kifin haruan a bokiti kusa da kaina, sauro ma bai zo ba.

Dattijon ya ba ni wani ɗan itace wai shi manggis guda biyar a leda, wai yana sanyaya ciki bayan duriyan. Alhaji ya ci uku. Kuma cajata tana wurinsa har yanzu, mai farar igiyar, in wani zai bi ta Kwari.