Lambar mota a hoto: aikin infoma da muke yi wa juna kyauta

Sha'anin lambar mota a Sakkwato a juye yake tafiya. A kan titi, inda doka ta ce a bar lamba a buɗe kowa ya gani, nan ne za ka ga wasu manya da 'yan korensu sun sa mata rigar fata sun rufe, ko sun cire ta ɗungurungum, suna wuce jami'an tsaro ana sara musu. A intanet kuwa, inda babu dokar da ta tilasta wa kowa nuna lambarsa, nan ne sauran jama'a ke baza tasu da ta 'yan uwansu, haruffa da alƙaluma tar kamar an yi don talla. Rufe lamba a kan hanya laifi ne, kuma ya kamata a hukunta mai yi ko wane ne shi. Magana ta yau a kan na biyun take.

Kowa ya san irin hoton. Mutum ya yi shekaru yana tari, Allah ya hore masa 'yar Kwatano, an yi mata rajista an ɗaura lamba. Kafin la'asar ƙaninsa ko abokinsa ya tsayar da shi a ƙofar gida ya ɗauka, ya ɗora a Facebook da cikakken sunansa: "Muna taya Alhajinmu murna, Allah shi sa a kashe lahiya." To a tsaya a dubi abin da hoton ya ƙunsa bayan murnar. Ga lamba, ga ƙirar mota da launinta, ga fuskar mai ita. Ga get ɗin gidan da irin fentinsa, ga hasumiyar masallacin unguwa ta leƙo daga baya, wadda duk ɗan Arkilla ko Mabera zai shaida nan take. Wani lokaci har da yara biyu cikin kayan makaranta, bajo a ƙirji. Sai masu sharhi su ƙarasa abin da ya rage. Wannan ya ce jiya ya gan shi da ita a hanyar Illela, wancan ya ce ai duk ranar kasuwa can yake wuni. Ba wanda ya yi nufin sharri a cikinsu, amma sun haɗu sun rubuta suna da gida da dukiya da hanya da ranar tafiya a wuri ɗaya.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta wofi ba ce. Ana cewa lamba ai ba sirri ba ce, don a gani aka yi ta, duk wanda ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello zai karanta ɗaruruwa kafin azahar. Haka ne. Har ma shafin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta buɗe don tantance lamba, abin da yake gaya wa mai bincike shi ne ko lambar ta gaskiya ce da kuma irin motar da aka ba wa, ba ya ba da adireshi. Sai dai wanda ya ga lamba a titi ya ga lamba ce kawai, ta wuce shi cikin daƙiƙa biyu, bai san mai ita ba, kuma sai ya kasance a wurin a wannan lokacin. Hoto kuwa yana ɗaure lambar da suna, ya zauna shekara da shekaru, ya isa hannun wanda bai taɓa taka unguwar ba. Ita kanta lambar tana magana: haruffa ukun farko na ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne, shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati, ga kuma kirarin Cibiyar Daular Usmaniyya da aka rubuta da Turanci a sama.

A wata jiha ana iya ɗaukar wannan a matsayin yawan tsoro. A nan ba za a ce haka ba. Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah sun daɗe suna faɗa cewa 'yan bindiga ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kuma hukumomin tsaro da kansu suna yawan kuka da infoma. Mene ne aikin infoma? Ya faɗi wa ke da kuɗi, ina yake kwana, wace mota yake shiga, yaushe zai bi hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ina cewa kowane hoton mota zai jawo garkuwa ba ne, galibinsu ba abin da zai biyo baya sai addu'a. Abin da nake cewa shi ne, bayanan da a da sai an biya wani ya yi kwanaki yana bibiya kafin a same su, yanzu muna haɗa su da hannunmu, kuma wayar da ke hannunmu irinta ce a daji. An sha ganin 'yan bindiga da kansu suna ɗora bidiyo a TikTok. Wanda ya iya ɗorawa ya iya kallo.

Sannan bayan kowace lamba akwai fayil: suna, adireshi, lambar waya, yanzu har da lambar NIN. Fayil ɗin nan mutane ne ke riƙe da shi, kuma ba kullum yake zama inda aka ajiye shi ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan shaidar 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Amurka ma sai da aka yi asarar rai kafin ta farga. A 1989 wani mutum ya samo adireshin 'yar wasan kwaikwayo Rebecca Schaeffer daga bayanan ofishin rajistar motoci na jihar Kalifoniya, ta hannun wani mai bincike mai zaman kansa da ya biya kuɗi, ya je har ƙofar gidanta ya harbe ta. Wannan na daga cikin abin da ya sa a 1994 aka kafa dokar da ta hana ofisoshin bayar da irin waɗannan bayanai ga duk wanda ya tambaya. Mu ma muna da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya kare sirrin ɗan ƙasa, muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumarta. Amma dokar ta fi kallon kamfanoni da ofisoshi. Babu jami'in da zai zo ya hana ƙaninka ɗora hotonka, kuma ko da an hukunta wani daga baya, hoton ya riga ya tafi.

Akwai wata ɓarnar da ba ta kai ta rai ba amma tana iya kai mutum bayan kanta. Mai mugun nufi da ke da mota irin taka, ƙira ɗaya launi ɗaya, abin da yake nema kawai lamba ce mai rajista ta gaskiya. Ya samu a hoto, ya kai wa masu buga ta bogi, ya ɗaura. Duk abin da aka aikata da wannan mota, ƙofar mai lambar asali za a ƙwanƙwasa, shi ne zai yi ta kai da kawo yana rantsuwar motarsa ba ta bar gari ba. A Ingila wannan sananniyar matsala ce, kuma tallan motoci na intanet na cikin wuraren da ɓarayin ke tsintar lamba. Dillalanmu su ji wannan da kyau, domin su ne suka fi kowa ɗora motocin mutane. Hoton da dillali ya ɗauka da safe, da yamma yana iya zama a shafin ɗan damfara da sunan gwanjon kwastan. Wanda aka cuta, lambar da ya gani ita zai bi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawanci ba mai motar ne ke ɗorawa ba. Yaron gareji ne da ya gama fenti yake son nuna aikinsa, mai wankin mota ne, mai bidiyon biki ne da ya bi jerin motocin kai amarya ɗaya bayan ɗaya yana haska lamba. Mafi muni shi ne mai tonon silili, wanda zai ga mota a ƙofar otal ko ƙofar gidan wata mata ya ɗauka ya saki da habaici. A garin da mutunci ya fi kuɗi tsada, wannan ya isa ya kashe aure. Alhali ana aron mota, direba yana fita da ita, kuma nawa ne suka sayar da mota da lambarta ba a canja sunan mallaka ba? Sai a ɓata sunan wanda ya rabu da motar tun bara.

Akwai inda nuna lamba ya zama dole, kuma ba na son a fake da maganata a ɓoye gaskiya. An sace mota, mai ita ya nemi a taya shi cigiya: a nuna. Motar gwamnati mai koren rubutu tana jigilar abin da bai shafi aiki ba: dukiyar jama'a ce, jama'a na da haƙƙin gani. Wanda ya buge ɗan kabu-kabu ya gudu kuwa, a fara kai lambar ga 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra. Idan an kuskure alƙalami ɗaya a cikin ruɗani aka saki ga fusatattun mutane, wani bawan Allah ne zai biya.

Gyaran kansa ba ya cin minti ɗaya. Kafin a tura hoto a WhatsApp akwai alƙalami a saman fuskar waya, a shafe lambar da launi mai kauri har ta ɓace. Ɗan dusashewa sama-sama ba ya wadatarwa, ana iya karantawa. A ɗauki hoton daga gefe, kuma a bar ƙofar gida. Kada a tura shi a matsayin fayil, domin ta haka yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauka. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma wanda ya ajiye shi a wayarsa ya ajiye. Kamfanin Google da ke ɗaukar hotunan titunan duniya, tun 2008 ya fara dusashe fuskoki, ya haɗa da lambobin motoci. Shafin labarai na cikin gari ba shi da uzurin kasawa.

Su ma shafukan labaran ina da ƙorafi na musamman a kansu, wato hoton haɗari. Al'adarmu idan an yi rasuwa a hanya, dattijo ake nema ya je ya zauna da iyali, ya fara da nasiha kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Yanzu mota za ta kife a hanyar Gusau ko ta Birnin Kebbi, kafin a kai mutane asibiti hotonta ya zagaye gari da lambarta a fili, matar direban ta gani a wayar maƙwabciya. Labarin haɗari ba ya rasa komai idan an rufe lamba: wuri da lokaci da adadin waɗanda abin ya shafa sun ishi mai karatu. Editan da ya san wannan ya ci gaba da saki a haka, neman masu danna shafi yake yi da hawayen mutane, kuma ya kamata ƙungiyar 'yan jarida ta jiha ta sa rufe lamba a cikin ƙa'idojin da take bin membobinta da su.